Shiga Gurara da kayak a watan Agusta: amsa ga mai tambaya daga Abuja

Wani matashi mazaunin Abuja ya aiko da tambaya cewa ya jima yana tuƙa kayak, wato ɗan ƙaramin kwalekwale da ake tuƙawa da filafili, a tafkin Jabi, ya iya iyo sosai, kuma shi da wani abokinsa suna shirin shiga kogin Gurara a watan Agusta, su faro daga ƙasa da inda ruwan yake zubowa daga kan dutse. An gaya masa wai kogi ya fi sauƙin bi idan ya cika, tunda ruwa ya rufe duwatsun da za su fasa jirgi. Yana son ya san ko haka maganar take, da kuma irin kayan da ya kamata su tanada.

Ɗan'uwa, shawarata ita ce kada ku shiga a wannan Agustan, ko da kuwa kun sayi duk kayan da zan lissafa maka nan gaba. Wanda ya ce maka cikar kogi tana rufe duwatsu bai yi ƙarya ba, domin akwai ƙananan gangare da suke shafewa su koma sumul idan ruwa ya hau. Sai dai dutsen da ruwa ya rufe yana nan daram a inda yake, kuma abin da yake yi wa ruwan da ke bi ta kansa ya fi karon jirgi da dutse haɗari nesa ba kusa ba. Babbar asarar da cikar kogi take jawo wa matuƙi kuwa ita ce rashin wurin tsayawa, kuma a kanta mafi yawan bayanina zai ta'allaƙa.

Mu fara da nauyin ruwan kansa. Lita 1,000 ta ruwa, wato abin da zai cika akwati mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 da zurfin mita 1, nauyinta tan 1 ne. Masana suna auna kogi da yawan irin waɗannan akwatuna da suke wucewa ta wuri guda a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan ka ga ruwa ya hau da mita 1 a jikin ƙafar gada, abin da yake wucewa bai tsaya ga ƙarin mita 1 ba, domin kogin ya ƙara faɗi, ya ƙara zurfi, ya kuma ƙara gudu a lokaci guda, ta yadda yawan ruwan zai iya ninkawa sau da yawa. Ƙarfin da ruwa yake danna abu da shi kuma ba ya tafiya kai ɗaya da gudunsa: idan gudu ya ninka sau 2, danniya tana ninkawa sau 4, idan ya ninka sau 3, tana ninkawa sau 9. Wannan ne ya sa jirgin da mutum ɗaya zai janye daga jikin dutse a watan Janairu, a watan Agusta mutum biyar da igiya ba za su motsa shi ba.

A kogi mai duwatsu, duk inda dutse ya fito sama ko gaɓa ta yi lungu, ruwan da ke bayan wurin yakan lafa, har ma ya riƙa komawa sama a hankali. Waɗannan makwantai su ne ginshiƙin wannan wasa gaba ɗaya. Ƙwararren matuƙi ba ya bin kogi a miƙe daga sama har ƙasa. Yana tsallakawa ne daga wannan makwanci zuwa wancan, ya tsaya, ya huta, ya leƙa abin da ke gabansa, ya yanke shawarar ko zai ci gaba ko zai fita ya ɗauki jirginsa a kafaɗa ya zagaye wurin ta tudu. A makwanci ake jiran abokin tafiya, a nan ake kama wanda ya kife, a nan ake zubar da ruwan da ya shiga jirgi. To, idan kogi ya cika, duwatsun da suke samar da makwantan sun nutse, lungunan gaɓa sun koma cikin daji, gangaren da a rani suke rarrabe da dogayen gurabu masu natsuwa a tsakaninsu sun haɗe sun zama abu guda mai tsawon kilomita ko fiye. 'Yan makwantan da suka rage su ma sun canza hali, domin iyakar da ke tsakaninsu da tsakiyar kogi takan zama wuri mai tafasa da juyawa, wanda yake tsotse gindin jirgi ya kifar da wanda bai saba ba. Sakamakon haka shi ne, da zarar kun ture jirgi daga gaɓa, kogin ne zai zaɓa muku inda za ku tsaya, kuma idan akwai abin da bai kamata ku shiga ba a bayan wata kwana, za ku gan shi ne a lokacin da ba sauran dabara.

Shi dutsen da ya nutse, ga abin da yake yi. Ruwa yana hawa ta kansa ya faɗa bayansa, ya nutsa ƙasa, sai na sama ya juyo baya ya cike gurbin, ya yi ta birgima a wuri ɗaya. Wannan rami ne na ruwa, fari fat da kumfa, kuma yana iya riƙe jirgi ko mutum ya yi ta jujjuya shi. Ruwan da ya cika da kumfa ba ya ɗaga mutum kamar ruwa zalla, saboda rabinsa iska ce, don haka rigar kariya, wato rigar da take hana mutum nutsewa, tana rage amfani a daidai wurin da aka fi buƙatarta, filafili ma ba ya samun abin da zai kama. Daga sama ba a cika ganin irin wannan rami ba, sai dai ka hangi ruwa ya yi wani tudu mai santsi, ko ka ga layi miƙaƙƙe ya ratsa kogi kuma abin da ke bayansa ya ɓace wa ido. Mafi munin ramukan ba Allah ne ya halicce su a jikin dutse ba, mutane ne suka gina su: ƙananan madatsun siminti, da gadojin ƙasa-ƙasa waɗanda ruwa yake hawa kansu da damina, da shingen da ake yi don tare ruwan ban-ruwa. Da yake gininsu a miƙe yake daga wannan gaɓa zuwa waccan, ramin da suke haifarwa ba shi da gefen da mutum zai sulale ya fita. Ko tsayinsu bai kai mita 1 ba, ba a bi ta kansu. Kwalbati kuwa, wanda ya cika har baki, ba a ko kusantarsa.

Sai kuma abin da na fi jin tsoro a kogunanmu, wato itatuwa. Damina tana zaizaye gaɓa, ta tumɓuke bishiya da saiwarta, ta jefa ta cikin kogi, ta je ta maƙale a ƙafar gada ko a tsakanin duwatsu ko a bayan kwana, inda ruwa ya fi gudu. Irin wannan bishiya tana aiki ne kamar rariya: ruwa yana wucewa ta cikin rassanta, amma jirgi da mutum ba sa wucewa, kuma tan-tan na ruwa yana danne su a jikinta. Kogin da ya fita daga gadonsa ya shiga daji ya mai da kowace bishiyar gaɓa da kowane kurmin gora irin wannan tarko, wanda hakan yake nufin gaɓar da kake ganin ita ce mafakarka idan ka kife, a Agusta ita ce wurin da ya fi haɗari. A ƙara da ragar masunta da mamari da ruwa ya tsinko, da waya, da ɓaraguzan da aka kwaso daga garuruwan da ke sama. Bishiyar da ba ta nan jiya tana iya kasancewa a wurin yau, shi ya sa sanin da mutum ya yi wa kogi a makon jiya ba ya wadatar da shi.

Ka ce ka iya iyo, kuma ban musa ba, amma ka yi wannan lissafi da ni. Gwanayen iyo na gasar Olamfik, a tseren mita 50, gudunsu ya ɗan haura mita 2 a daƙiƙa, a ruwan da ba ya motsi, na ɗan lokacin da bai kai rabin minti ba. Kogi mai gangara da ya cika yana iya yin mita 3 a daƙiƙa ko fiye, wato a minti ɗaya ya tafi da kai mita 180. Igiyar ceto da ake jefa wa wanda ya kife tsawonta yakan kasance tsakanin mita 15 zuwa 25, saboda haka abokinka da ke tsaye a gaɓa, in ma ya samu wurin tsayawa, daƙiƙa goma ko ƙasa da haka yake da ita kafin ka wuce. Da yawa daga waɗanda suke rasuwa a babban ruwa suna sanye da rigar kariya, kuma babu abin da ya riƙe su. Ruwan ne ya yi ta tafiya da su, igiyar ruwa tana rufe musu fuska bi da bi, suna shaƙa kaɗan-kaɗan, har ƙarfinsu ya ƙare. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki da sauri fiye da iska sau ashirin da wani abu, don haka ko a ƙasa mai zafi irin tamu doguwar tafiya a cikin ruwan marka tana kashe hannu da ƙafa, balle a kogunan da suke gangarowa daga tsaunukan Jos.

Iyon kogi ma fanni ne daban da na tafki. Wanda ya fita daga jirgi yana kwanciya ne rigingine, ƙafafunsa suna gaba wajen da ruwa ya nufa, yatsunsa suna leƙowa sama, har ya ga wurin fita sannan ya juya rub da ciki ya yi iyo da iya ƙarfinsa. Ba ya taɓa yunƙurin miƙewa tsaye a ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa, domin idan ƙafa ta shige tsakanin duwatsu biyu, ruwan zai kifar da shi ta fuska ya danne shi a wurin da zurfinsa bai kai ƙugu ba. Idan kuma bishiya ce a gabansa ba makawa, sai ya juya kansa gaba, ya tunkare ta da ƙarfi ya haye kanta, kada ya yarda ƙafafunsa su shige ƙarƙashi. Waɗannan abubuwa ba a koyonsu da karatu, sai an maimaita su a ruwa mai sauƙi har jiki ya riƙa yinsu da kansa.

Akwai ma'aunin da ake amfani da shi a duniya wajen rarraba wahalar kogi, wanda ƙungiyar American Whitewater ta Amurka ta tsara, daga mataki na 1, ruwa mai gudu da 'yan ƙananan igiyoyi, zuwa mataki na 6, wanda kuskure a cikinsa yakan zama ajali. Abin da masu farawa suke mantawa shi ne matakin yana bin yawan ruwan ranar ne, gangaren da yake mataki na 2 a Disamba zai iya zama na 4 a Satumba. Dubi kogin Zambezi a ƙasa da magangarar Biktoriya, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, inda ake da kamfanoni masu ƙwararrun jagorori da suka san kowane gangare da sunansa da lambarsa. Lokacin da suka fi so shi ne na ƙarancin ruwa, daga wajen Agusta zuwa Disamba, tunda damina a can ta saɓa da tamu. Idan ruwa ya fara hawa sukan bar gangaren farko-farko su faro daga ƙasa, idan ya kai ƙololuwa kuma sukan dakatar da tafiya gaba ɗaya har ya sauka. Mutanen da wannan ce sana'arsu, kuma kowace ranar hutu asara ce a gare su, su ke nan suke janyewa.

Kogunan yankinmu suna da wani hali da ya ƙara tsananta lamarin. Ruwan sama ne yake ciyar da su kai tsaye, kuma yana sauka ne a kan duwatsu da ƙasar da ta riga ta ƙoshi a tsakiyar damina, sai ya gangaro gaba ɗaya cikin sa'o'i kaɗan. Tudun Jos, wanda ya haura mita 1,200 daga doron teku, shi ne mafarin koguna da dama, ciki har da Kaduna da Gongola, kuma duk wanda ya sauko ta Hawan Kibo ya tsaya a magangarar Assop ya ga yadda ƙasar take faɗuwa da sauri. Mutanen Jos ba su manta da watan Yulin 2012 ba, lokacin da ruwan sama mai ƙarfi ya sa madatsar Lamingo ta tumbatsa, ruwa ya afka wa unguwanni irin su Rikkos da Gangare, aka rasa rayuka sama da 30. Mazauna Lokogoma da Lugbe a Abuja su ma sun san yadda ƙaramin rafi yake zama wani abu daban kafin gari ya waye. Kana iya kasancewa a Gurara rana tana haskawa, alhali an kwana ana tafka ruwa a kudancin Kaduna, kuma wannan ruwan yana kan hanyarsa zuwa gare ka. Ga kuma madatsar Gurara da ke sama a jihar Kaduna, wadda ake tura ruwa daga cikinta ta bututu zuwa madatsar Usuma don shan mutanen Abuja. Idan ta cika ta fara zubar da rara, abin da ke ƙasa da ita yana canzawa ba tare da hadari ya taso a kanka ba. Ita kanta magangarar, mai tsayin kusan mita 30 a kan hanyar Suleja zuwa Minna, a Agusta ba wurin faro tafiya ba ne, domin ruwan da ke gindinta yana tafasa yana juyawa, duwatsun gefe kuma sun yi santsi da feshi.

Tunda ruwanmu ja ne duk damina, launi kaɗai ba zai gaya maka komai ba. Abin da nake koya wa ɗalibai shi ne su zaɓi ƙafar gada ɗaya ko wani falalen dutse da ba ya motsi su mai da shi ma'auninsu, su riƙa ɗaukar hotonsa duk zuwan da suka yi, su rubuta kwanan wata da yadda kogin ya kasance. A ranar shiga kuma a kafa sanda a bakin ruwa tun ana sauke kaya. Idan kafin a gama shiri ruwa ya hau jikinta, an fasa. Sabbin ganyaye da kututture da kumfa mai datti da ke wucewa alama ce ta cewa kogin yana kan hawa. Ruwa mai sauka ya fi mai hawa aminci ko da tsayinsu ɗaya a jikin gada, domin na farko ya riga ya ajiye abin da ya ɗauko kuma raguwa yake yi, na biyu kuwa babu wanda zai ce maka ga inda zai tsaya. Hasashen hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, da gargaɗin ambaliya na hukumar lura da koguna, NIHSA, suna da amfani, amma faɗin yanki suke kallo, ba kwanar da ke gabanka ba.

Batun kaya ba shi da tsawo. Jiragen da aka fi gani a Jabi masu faɗi ne, a kansu ake zama ko kuma bakinsu a buɗe yake, an yi su ne don ruwan kwance. Kayak ɗin gangare gajere ne, bai kai mita 3 ba, na roba mai kauri, yana da ginshiƙai a ciki don kada ya lanƙwashe ya danne ƙafafu, yana matse cinya da ƙugu, kuma ana rufe bakinsa da wani zanen roba da matuƙi yake ɗaurawa a ƙugu. Ana cusa masa jakunkunan iska a baya, domin jirgi mai cin lita 300 idan ya cika da ruwa ya zama kilo 300 da ke yawo a kogi. Sai rigar kariya wadda ta matse jiki ba ta zamewa ta kai, da hular kwano ta ruwa, ba ta babur ba, wadda take da nauyi kuma take riƙe ruwa, da takalmi mai rufe yatsu, da usur, da wuƙa a ƙirjin riga, da jakar igiya mai yawo a saman ruwa a hannun kowane mutum. Igiyar nan ba a ɗaura ta a ƙugu ko a naɗe ta a hannu ko kaɗan, domin idan ta ɗaure ta miƙe, ƙasa take jan mutum.

Abin da kuɗi ba sa saye shi ne iyawa. Kafin a yi maganar ruwa mai ƙarfi, dole mutum ya iya ɓalle murfin jirgi ya fita yana kife ba tare da firgita ba, ya iya ratsa kogi daga gaɓa zuwa gaɓa ba tare da ruwa ya gangara da shi ba, ya iya shiga makwanci ya fita ta kowane ɓangare, sannan ya iya mirgino da jirginsa ya dawo sama bayan ya kife, dabarar da aka gada daga mafarautan Inuwit na tsibirin Girinlan, waɗanda suke cikin mutanen yankin ƙanƙara na arewacin duniya da suka ƙirƙiro kayak tun asali. Mirginawar da mutum ya koya a tafki takan guje masa a karon farko da ya kife cikin kumfa, sai ya sake gina ta a ruwa mai gudu. Wannan wasa yana da makarantu da masu koyarwa; an fara gasarsa a Olamfik a Munik a 1972, aka dawo da ita a Basalona a 1992, kuma Johnathan Akinyemi ya wakilci Najeriya a cikinta a Landan a 2012 da Riyo a 2016. A nahiyarmu garin Jinja na Uganda, a bakin Nilu, yana cikin wuraren da aka fi zuwa koyo, duk da cewa madatsun Bujagali da Isimba sun shanye wasu daga cikin shahararrun gangarensa. Wanda yake da halin sayen jirgi, ina ganin gara ya fara kashe kuɗin a kan mako guda a hannun malami.

Kun ce ku biyu ne, kuma biyu ba su isa ba. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce jirgi uku a ƙalla, ta yadda idan ɗaya ya shiga matsala, ɗaya ya tsaya da shi, ɗaya ya nemo taimako, kuma a cikinsu lallai a samu wanda ya fi ƙarfin ruwan da za a shiga, ba dukkanku 'yan koyo ba. Ƙarar ruwa tana haɗiye murya, don haka ana daidaita alamu tun a tudu: busa ɗaya ta usur a waiwayo, busa uku akwai haɗari, kuma kullum ana nuna wa aboki inda zai bi ne, ba a nuna masa abin da zai guje wa. Kowa a cikinku ya koyi taimakon farko, musamman hura numfashi da danna ƙirji, domin ƙwaƙwalwar wanda ya daina numfashi tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, asibitin koyarwa na Gwagwalada kuwa ya fi haka nisa daga kowace gaɓa ta Gurara. Wanda aka ciro bayan ya shaƙi ruwa, ko ya miƙe yana magana, a kai shi likita ya duba huhunsa.

Ga yadda zan so ku yi da wannan shekarar. A Agusta ku je Gurara da ƙafa, ku tsaya nesa da baki, ku kalli inda kututture yake bi idan ruwa ya ɗauko shi, da inda yake tsayawa yana juyi, ku ɗauki hoto. Ku gaida mai unguwa, ku zauna da masunta da masu fito, ku tambaye su inda ruwa ya taɓa cin mutum, da inda ake ganin kada, da hanyoyin da babur yake iya kaiwa bakin kogi, da kuma yanayin tsaron dajin a wannan lokaci, domin su ne za su fara fitowa nemanku idan wani abu ya faru. Sauran damina ku ƙare ta a ruwan kwance kuna koyon fita daga jirgi da mirginawa da jifan igiya, kuma duk wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan yawan shiga tafki ya je a gwada shi ko tsargiya ce, maganinta yana da sauƙi. A tsakiyar rani ku koma ku taka gadon kogin a bushe, ku haddace inda manyan duwatsu da ramukan da ke ƙarƙashinsu suke. Shigarku ta farko ta kasance daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ko dai na bana idan kun samu malami, ko na baɗi, lokacin da ruwa yake sauka kuma makwantai sun fara bayyana, a ɗan gajeren yanki wanda bai wuce mataki na 2 ba, wanda kuka taka gaɓarsa daga farko har ƙarshe a safiyar ranar, kuka kuma ajiye mota da mutum a wurin fita.